Yadda Matattarar Masu Fasaha a Jos Za Ta Jawo Ilimi Daga Waje

Duk inda masu sana'a ɗaya suka taru, labari ba ya kwana. Masu kayan mota na Dilimi sun san haka, masu gyaran waya na kewayen Taminus ma sun sani: in wani ya gano maganin wata matsala da safe, kafin la'asar rabin layi ya ji. Haka abin yake ga masu rubuta manhaja, da masu haɗa sola, da masu harhaɗa na'urori. Sai dai abin da ke yawo a cikin layi shi ne abin da layin ya riga ya sani. Sabon ilimi, irin wanda ke ɗaga mutum daga gyara zuwa ƙira, daga waje yake shigowa, kuma ɗauko shi akwai tsada: kuɗin mota, data, watannin bibiya, da jiran amsar mutumin da bai san ka ba.

A nan kusanci yake da rana. Mutum ɗaya ya sha wahalar ɗaukowa, ashirin su amfana, kamar famfon da gida ɗaya ya jawo bututunsa amma duk unguwa ke ɗiba. Wasu masana uku, Harald Bathelt da Anders Malmberg da Peter Maskell, sun yi bayani a 2004 cewa matattara tana ƙarfi ne idan ta haɗa abu biyu: hirar yau da kullum a cikin gida, da hanyoyin da aka gina da gangan zuwa waje. Ta farko takan zo da kanta. Ta biyu sai an yi mata aiki, kuma yadda ake wannan aikin ne za mu bi daki-daki.

Jos ba ta rasa ƙofofi ba. Akwai Jami'ar Jos, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom tun 1924, da hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF, da cibiyar binciken ƙarafa, da sashen binciken dankalin turawa a Kuru, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Barikin Ladi, da cibiyar matasa masu fasaha ta nHub da aka kafa a 2015. Kowace daga cikinsu tana da mutanen da ke magana da ƙasashen waje. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da abin da suka sani zai bi ya isa teburin matashin da ke zaune a Bukuru yana fama da manhajarsa.

Ku fara da giɓi ɗaya

Kada ku fita da roƙon "muna son ilimin fasaha." Ba wanda zai iya amsa wannan. Ku tara mutum 10 zuwa 15, kowa ya amsa tambaya huɗu a rubuce: me na iya har zan koya wa wani, wane kayan aiki zan iya ba da aro, wa nake kira idan aiki ya cije, wa na sani a wajen Filato da zai ɗauki wayata. Tambaya ta uku ita ce mai nauyi. In kun tattara amsoshin za ku ga sunaye biyu ko uku suna ta maimaituwa. Waɗannan su ne ginshiƙan matattarar, ko da ba su da muƙami, ko da ba su ne masu yawan magana a taro ba. Ta huɗu kuma za ta tona muku ƙofofin da kuke da su ba ku sani ba: wani yayansa injiniya ne a Jamus, wata ta yi aji ɗaya da wanda ke aiki a Yaba, unguwar kamfanonin fasaha a Legas, yanzu.

Daga nan ku jero matsalolin da suka gagari kowa cikin wata shida da suka wuce, ku zaɓi ɗaya, ko biyu in an matsa. Ta zama wadda za a iya faɗa a jimla guda, kuma akwai mai biyan kuɗi a ƙarshenta. "Manhajar da za ta gane cutar ganyen dankali daga hoton waya" ta isa matsala. "Ƙirƙirarriyar basira" ba matsala ba ce, kanun labari ne.

Wurin zama

Zama a gari ɗaya ba shi ne kusanci ba. Thomas Allen na jami'ar MIT a Amurka ya auna yadda injiniyoyi ke magana da juna a shekarun 1970, ya gano cewa yawan magana yana faɗuwa da sauri idan tebur ya yi nisa da tebur, har in tazara ta wuce kamar mita 50 sai ya zama da wuya su riƙa tattauna aiki a kai a kai. To ina ga wanda ke Rayfield da wanda ke Farin Gada? Don haka ku samu ɗaki ɗaya, ku sa rana biyu a mako da kowa zai zo ya yi aikinsa a can, ba don taro ba. Tambayar da mutum zai ji nauyin bugo waya a kanta, yakan yi ta cikin sauƙi idan mai amsar yana kujerar gefensa.

A Jos zaɓen wuri yana buƙatar lura ta musamman. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, kuma har yau akwai inda wani ba ya sakewa ya shiga. In kuka sa wurin a cikin lungun unguwar ɓangare ɗaya, kun yanke rabin masu basirar garin tun ba a fara ba. Ku nemi wuri a bakin babban titi inda Keke Napep ke kaiwa kai tsaye. Ku kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, a kuma tashi kafin magariba, in ba haka ba mata za su daina zuwa, kuma ba za su faɗa muku dalili ba.

Wuta da intanet su ne ke riƙe mutane a ɗakin. Kwamfutar hannu takan ci wat 45 zuwa 65. Goma daga cikinsu, da na'urar raba intanet, da fitilu, da majigi, ba za su wuce wat 1,000 ba, saboda haka inbata mai 2.5kVA da batirin litiyam na kusan 5kWh za su riƙe ku kamar awa biyar ba wutar NEPA, in kuma akwai fanel ɗin sola a kai, yini zai wuce lafiya. Sanyin Jos ya ɗauke muku nauyin na'urar sanyaya ɗaki, amma a hana kowa jona hita ko butar dafa shayi, don ita kaɗai tana iya cin fiye da duk kwamfutocin. Intanet ya zama layi biyu daga kamfani biyu daban. Kiran bidiyo da baƙon waje in ya yanke sau uku, da wuya ya sake ba ku lokaci.

Wanda zai ɗauko

Ba kowa ne zai iya ɗauko ilimi ba, kuma wannan magana ce da ba a son ji. Wanda bai san tushen abu ba, ko an kai shi inda ake koyarwa, hotuna zai dawo da su. Elisa Giuliani da Martin Bell sun binciki matattarar masu sarrafa inabi a ƙasar Chile a 2005, suka tarar ilimi ba ya bazuwa ga kowa daidai wa daida. Yana yawo ne tsakanin 'yan kamfanonin da ke da ƙwararrun ma'aikata, wasu daga cikinsu su ne ke ɗauko shi daga waje su raba, wasu kamfanonin kuma suna zaune a tsakiyar yankin amma ba abin da ke isa gare su.

Ku zaɓi mutum biyu ga kowane giɓi, kada ya zama ɗaya. Sharuɗɗan uku ne: ya riga ya san fannin har zai gane sabon abu idan ya gan shi, yana iya karanta takardun fasaha da Turanci ya kuma rubuta saƙo mai tsabta, sannan an san shi da koyarwa ba tare da an roƙe shi ba. Na ukun ya fi wuyar samu. Mai ƙwarewa marar sakin hannu zai mayar da hanyar da kuka gina ta zama tasa shi kaɗai. Kuma kada a yi zaɓen da girma ko shekaru. Oga yana iya tura yaron shagonsa in yaron ne ya fi gane fanel ɗin waya.

A biya su, ko da ba da tsabar kuɗi ba. A ɗauke musu kuɗin data da na wata-wata, a ware musu awa huɗu zuwa shida a mako don bibiya. Aikin sa kai da ba a yi wa tanadi ba yakan mutu da zarar mai shi ya samu kwangila.

Wa za a nema a waje

Ron Boschma, masani ɗan ƙasar Holan, ya nuna a 2005 cewa kusancin wuri ɗaya ne kawai daga cikin kusanci biyar. Akwai na fahimta, da na zumunci, da na kasancewa ƙarƙashin tsari ɗaya, da na bin dokoki da al'adu iri ɗaya. Ya kuma ce kowanne in ya yi yawa yana cutarwa kamar yadda ƙarancinsa ke cutarwa. Amfanin wannan a aikace shi ne: wanda ke nesa da ku a taswira, dole ya zama kusa da ku ta wata fuskar, in ba haka ba maganar ba za ta kama ba. Ku nemi wanda ya fi ku da taki ɗaya ko biyu, ba goma ba. Ƙungiyar da ke Nairobi ko Kigali da ta warware irin matsalarku da irin wayoyinku da irin sabis ɗinku ta fi muku amfani a shekarar farko fiye da babban ɗakin bincike a Amurka.

Mu koma kan dankalin. Cutar da ke ƙona ganye ta ruɓar da dankali tana tsananta ne a sanyi da laima, wato daidai yanayin daminar Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Babbar cibiyar binciken dankali ta duniya tana Lima a ƙasar Peru, tana kuma da ofishi a Nairobi. In mai rubuta manhaja ya aika musu saƙo kai tsaye, da wuya a fahimci juna, domin shi bai san harshen masu binciken shuka ba, su kuma ba su san shi ba. Amma masanin da ke Kuru yana jin harshensu, kuma tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga cikin Jos. To a fara da shi. A je ofishinsa da ƙafa, a ɗauke shi zuwa gona, a nuna masa abin da aka gina, shi zai buɗe ƙofa ta gaba. Shi ne kuma zai hana ku kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki: a horar da manhaja da hotunan ganye da aka ɗauka a ɗakin gwaji a kan farar takarda, a kai ta gona inda akwai inuwa da laka da ganye a kan ganye, ta kasa gane komai. Hotunan gonakinku kuke buƙata, na safe da na rana da na lokacin hadari, kuma masanin shuka ne zai tantance kowanne kafin a sa wa manhaja.

Waɗannan hotunan su ne jarinku. Ba wanda ke son alaƙar da kullum shi ne mai bayarwa, kuma abin da kuke da shi wanda na waje ba shi da shi, shi ne kusancinku da gona, da kasuwa, da harshe. Masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, irin su Masakhane da HausaNLP, da shirin Common Voice na Mozilla, suna neman masu jin Hausa da za su rubuta, su karanta, su gyara. Filato kuma tana da Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul da wasu harsuna da dama da rubutunsu a intanet bai taka kara ya karya ba. Da wannan ake shiga, a fito da sanin yadda ake gina irin waɗannan manhajoji.

Saƙon farko kada ya wuce kalma 150: su wane ne ku, me kuka riga kuka gwada, a ina ya tsaya, tambaya ɗaya tak, da abin da za ku iya bayarwa. Kada a roƙi kuɗi a ciki. In ba amsa, a sake tuntuɓa bayan kwana goma, sau ɗaya. In an samu, a nemi kiran minti 30 sau ɗaya a wata, kuma ku duba agogo: Kenya tana gabanmu da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7, Peru kuma tana bayanmu da awa 6.

Akwai hanyoyin da aka riga aka share. Google Summer of Code, da ake yi tun 2005, da Outreachy mai horon wata uku sau biyu a shekara, suna haɗa mai koyo da ƙwararren da zai riƙa duba aikinsa layi-layi, kuma ana biya. Masu nema su zauna a ɗaki ɗaya su duba wa juna takardu kafin a tura. Shirin gidauniyar Carnegie ta Amurka da aka fara a 2013 ya riƙa kawo malaman jami'a haifaffun Afirka da ke Amurka da Kanada su yi kwana 14 zuwa 90 a wata jami'ar Afirka, amma jami'ar ce ke nema, saboda haka a irin wannan shiri sai kuna da malami a cikinku. 'Yan gida da ke waje su ne hanya mafi sauƙi, tun da sun san can sun san nan. Taiwan ta buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu a 1980, kuma injiniyoyinta da suka dawo daga Amurka suna cikin waɗanda suka raya shi. A nan gida, 'yan kasuwar Nnewi da ke sayo kayan mota daga Taiwan sun koma ƙera su tun shekarun 1980: suka sayi injuna daga abokan cinikinsu na can, suka kawo ƙwararru suka kafa su suka koya wa ma'aikata. Ciniki ne ya fara gina amana, ilimi ya biyo baya.

Abuja

Ta Akwanga da Keffi tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce, gwargwadon yanayin hanya, kuma da rana ake yin ta. Ba sai kun koma Abuja ba, amma dole ku riƙa zuwa. Can ne NITDA take, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wadda ke kula da rajistar sababbin kamfanonin fasaha ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a Oktoban 2022, da cibiyarta ta ƙirƙirarriyar basira a Wuye, da hukumar kimiyya da aikin injiniya ta NASENI a Idu, da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin raya ƙasashe. Baƙon waje da ba zai iya zuwa Jos ba, sau da yawa yana ratsawa ta Abuja.

Kwana biyu na ido da ido suna iya riƙe alaƙar shekara guda a intanet, amma sai an shirya. In akwai taron fasaha a can, mako biyu kafin taron a duba jerin masu jawabi, a zaɓi uku, a aika musu saƙo a nemi minti goma. Masu tafiya su ɗauki tambayoyin kowa a rubuce, kada su wuce goma, da abin nunawa da ke aiki ba tare da intanet ba. In mutum biyu ne kada su zauna a zaure ɗaya. Kuɗin tafiyar kuma ya fito daga asusun haɗin gwiwa irin na adashe, da ma'aji da littafi, don wanda aka tura ya san aike ne.

Sauke kaya

Nan ne yawancin ƙoƙari ke zubewa. Wanda ya dawo ya tura hotuna a zauren WhatsApp, aka yi masa barka da dawowa, shi ke nan. Ku sa doka: cikin kwana bakwai zai tsaya gaban kowa na minti 90. Minti 20 na bayani, sauran kowa ya buɗe kwamfutarsa ko ya ɗauki mitarsa ya yi abin da hannunsa, mai koyarwa yana zagayawa. Dabarar narka dalma a ƙarƙashin ƙaramin guntun fanel ɗin waya, ko yadda ake gane inda manhaja ke cin batir, ba a koyon su da kunne. Sai an gani, an gwada, an ɓata, an ga yadda gwani ya gyara, kuma wannan ne abin da intanet ba ta iya yi muku sai kusanci.

Bayan zaman a rubuta shafi ɗaya: abin da aka koya, abin da bai yi aiki a nan ba, da wanda za a tambaya. A haɗa da saƙon murya na minti biyar da Hausa saboda masu shagunan da karatun Turanci ke yi wa nauyi. A ajiye a wuri ɗaya da kowa zai iya buɗewa, da lambobin sirri a hannun mutum biyu. Sannan cikin wata guda a gwada abin a aikin gaske na wani abokin ciniki.

Inda abin ke lalacewa

Ƙwararrenku zai tafi. Da zarar ya yi suna a waje, Legas ko Turai za su kira shi, kuma ba laifi ba ne. Dalilin sa mutum biyu ke nan, da dalilin rubuta komai. Ku rabu da shi lafiya, don gobe shi ne ƙofarku a can.

Yarjejeniyar takarda da hoton musabaha ba hanya ba ce. In babu sunan mutum ɗaya a kowane ɓangare, da aiki ɗaya, da ranar gama shi, a cikin durowa za ta ƙare. In kuma maganar ta kai ga biyan kamfanin waje kuɗin lasisi ko na horo, a yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha da ke Abuja, tun da wuri, domin banki zai nemi takardarta kafin ya tura kuɗin. Bayanan mutane, kamar sunayen manoma da lambobin wayarsu, kada a tura su waje ba tare da yardarsu ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku komai ƙanƙantarku.

Tsoron satar dabara yana hana sakin baki, kuma tsoron yana da tushe tun da abokan zaman abokan gasa ne. A raba tun ranar farko: hanyar aiki, da kayan aiki, da inda ake sayen kaya na kowa ne; sunayen abokan ciniki da farashi na mai su ne, ba a tambaya. Wanda ya zo zama uku yana ɗiba bai kawo komai ba, a ba shi ranar da zai koyar.

Mafi haɗari shi ne kusancin da ya yi yawa, don ba a jin zuwansa. Gernot Grabher ya yi nazarin yankin Ruhr na Jamus a 1993, ya nuna yadda tsohuwar amana tsakanin kamfanonin kwal da ƙarfe ta rufe musu ido har kasuwa ta juya ba su ankara ba. Alamarsa a wurinku ita ce kowa yana amfani da kayan aiki iri ɗaya, kowa yana gina manhaja iri ɗaya, kuma an yi wata uku ba a ga baƙuwar fuska ba. Ku ware kujera ɗaya a kowane zama ga wanda ba ɗan fanninku ba: likitan dabbobi daga Vom, mai tace fim, dillalin kayan gwari na Farin Gada, ko ɗalibar da ke neman wurin horon sanin makamar aiki na SIWES.

Duk wata shida ku sake yin tambayoyi huɗun nan na farko, ku gwada da amsoshin baya. Ku duba ko sunayen da ake kira idan aiki ya cije sun ƙaru, da ko akwai dabarar da ta shigo daga waje wadda aƙalla mutum uku ke aiki da ita yanzu ba tare da wanda ya kawo ta ba. Hanyar da ta yi wata shida ba ta kawo irin wannan ba, a aika saƙon godiya a rufe ta, a mayar da awoyin da kuɗin data kan giɓi na gaba a jerinku.